Fatar da Ba Ta Sha Dilka Ba

'Yan matan da ke zuwa gaishe ni yanzu, kowacce da ƙullin lalle a jaka da waya a hannu, suna ce mini sun iya gyaran jiki. Sun ga zane a waya sun kwaikwaya, shi ke nan sun zama masu ƙunshi. Ba na yi musu faɗa. Yau dai na ce su zauna, na sa Bilkisu, ɗalibar da ke kwana a ɗakina, ta ɗauko biro, tun da ni ko bihim ban iya rubutawa ba. Sunana Hajara, amma a nan Ard al-Liwa, unguwarmu a Alƙahira, Haboba ake ce mini, wato kaka a bakin mutanen Sudan. In kun ga na tsaya ina share ido ku ƙyale ni, kuka ba ya hana ni magana. Tun da mijina Malam ya rasu haka nake.

Amaryar da na fara taɓa jikinta a Omdurman ce, can ƙasar Sudan, ina budurwa. A Gadarif aka haife ni, iyayena mutanen Haɗeja ne da suka taso za su aikin hajji, hanya ta riƙe su. Goggo Asabe ce ta koya mini sana'a, kuma na daɗe a gidanta ba ta bar ni na ja ko layi ɗaya na lalle ba. Aikina kwaɓa dilka: garin dawa, ƙwayar mahlab mai ƙamshi, sandal, kanumfari, a shafe cikin ƙwarya da shi a kife a kan hayaƙi, ya sha, a ƙara, ya sha, har ya yi duhu ya yi laushi. Ran da amaryar nan ta zo, Goggo ta ɗaure mini ido da ɗankwali ta ɗora hannuna a kan damtsenta, ta ce in faɗi abin da na ji. Na ce na ji laushi. Ta buge mini hannu. Ta ce in sake ji: nan ta bushe don yarinyar ba ta shan ruwa, nan akwai ƙuraje suna shirin fitowa, kada halawar cire gashi ta bi ta wurin, nan kuma tsigar jikinta ta tashi don tsoro take ji, sai a yi mata hira kafin a fara. Da ido a rufe na koyi aikin nan. Zane daga baya ya zo.

Da aure ya kawo ni Alƙahira kayan aikin ne suka fara ba ni wahala. A Sudan rami ake haƙa wa dukhan, turaren tsugunon nan, a sa icen ɗalih a ciki, mace ta zauna a kai a lulluɓe ta da bargo. To wa zai haƙa rami a hawa na biyar? Malam ne ya samo kujerar katako ya huda tsakiyarta, muka sa tukunyar ƙasa a ƙarƙashi. Shi mutumin Katsina ne, karatu ya kawo shi, karatun ya ƙare bai koma ba, ya zauna yana koyar da yara Alƙur'ani. Shi ke zuwa Wustul Balad, tsakiyar birni, ya karɓo mini ice daga fataken da ke zuwa daga kudu, ya ɗauko shi a ka tun daga mashigar jirgin ƙasa. Yakan ce a duk malaman garin nan shi kaɗai ke ƙamshin amarya, in ya shiga sahu sai liman ya waiga. Farkon zamanmu a gidan maƙwabta Misrawa sun sha buga mana ƙofa da bokiti, sun ga hayaƙi ta taga sun ɗauka gobara ce. Har suka saba, suka daina zuwa.

Halawa kuwa sukari ne da lemon tsami da ruwa, amma in kika ɗauke ido kaɗan ta ƙone, in kika sauke da wuri ta manne a jikin mutum ta ƙi fita. Da ita ake cire gashi da dattin fata. Tana barin jiki sumul, amma ku riƙe wannan, don zan dawo kansa: jikin da aka yi wa halawa a buɗe yake, kamar gonar da aka yi wa huɗa.

Masu zuwa wurina iri-iri ne. Amaren 'yan Sudan, matan ɗalibai, matan ma'aikatan ofisoshin jakadanci da ke aiko mota daga unguwar Dokki, har da Misrawa. Cikinsu akwai Madam Iman, mai shagon magani, da ke zuwa in sa mata jan lalle saboda kaushi. Ita ce ta kawo mana mutanen ƙungiyarsu. Likitoci ne da masu shaguna da wasu masu hali da ke taruwa a Dokki don aikin taimako. Sukan zo da mota su jera kujeru a ƙofar gidanmu, su auna hawan jini da sukari, su duba ido. Sun koya mana a shafa ruwan sabulu a bututun anbuba, tukunyar gas ɗin girki, in ya yi kumfa to yana yoyo. Sun ce wanda ya ƙone a sa wurin ƙarƙashin famfo, ba man goge baki, ba ɗanyen ƙwai, ba garin kofi. Muna dariya muna cewa to. Malam ne mai jera musu kujeru, shi ne kuma tafintan tsofaffin da Larabcinsu bai nuna ba.

Shekarar da ta karya ni da hantsi ta fara. Mai sayar da anbuba yana ta buga ƙarfensa a layi, maƙwabciyata Zainabu, tana da tsohon ciki, ta canja sabuwa ta ɗora shayi ta sauka sayen burodi. 'Yarta Nafisa, 'yar shekara shida, tana barci a ɗakin ciki. Ina tuƙa halawa na ji gidan ya girgiza, anbubar Zainabu ce ta fashe. Malam yana kan matakala zai sauka. Wutar tana tsakanin yarinyar da ƙofa, ya ratsa ta ya shiga, ya rungumo ta a ƙirjinsa, ya sake ratsowa. Da ya fito ya miƙa ta ga mutane, ya zauna a kan matakala, yana tambaya wai ina takalminsa ɗaya.

Bai daɗe a asibiti ba. Ni da na ƙare rayuwata ina taɓa jikin mutane, na tsaya a kan mijina na rasa inda zan ɗora hannu. Tafin ƙafarsa kaɗai wuta ba ta ci ba, shi na riƙe. Abin da ya dinga tambaya shi ne ko yarinyar tana numfashi. Na ce tana yi. Da wannan ya tafi.

Na shiga takaba. Mai takaba ba ta ado, ba ta turare, ba ta lalle, ba ta fita sai da lalura, ni kuwa sana'ata duka ado ce da turare. Na kulle akwatin humra, na ba Rabi kujerar dukhan da tukunyar halawa. Rabi babbar mace ce da 'ya'yanta, ta daɗe tana aiki a ƙarƙashina, hannunta mai kyau ne, bakinta kuma ba ya hutawa. Ɗakina ya zama ba ya ƙamshin komai, karo na farko tun ina yarinya. Kwanakin nan ba na iya jera su. Rana takan shigo ta taga ta hau bango ta sauka, jirgin ƙasa ya wuce can nesa, ni ina zaune a tabarma kamar wadda ke ƙarƙashin ruwa tana jin maganar mutanen da ke bakin kogi. Hular Malam tana rataye a ƙusa, ita kaɗai ke riƙe da ƙamshin ɗalih. Wani lokaci sai in ji kamar ya sauke ice a bakin ƙofa yana haki. Ko man shafawa ban ƙara taɓawa ba, jikina ya yi furu-furu kamar an barbaɗa toka.

Madam Iman ta zo ta'aziyya ɗakin cike da mata, a nan ta faɗi halin da Nafisa ke ciki. Bayanta da hannuwanta da ƙafafunta duk a buɗe, ruwan jikinta yana tsiyayewa ta nan, cuta tana shiga ta nan. Fatarta da ta rage ba ta isa a ɗiba a rufe wurin ba. Likitoci suna neman fatar aro daga masu rai, a ɗebo sama-sama daga cinya, siririya kamar ɓawon albasa, a shimfiɗa mata. Ba za ta zauna ba, jiki zai ture ta daga baya, amma kafin nan yarinyar ta samu ƙarfi. Uwar tana da ciki ba a ɗauka daga gare ta, uban ya tafi Libiya neman aiki ba a san inda yake ba. Madam Iman ta ce ƙungiyarsu ta ɗauki nauyin gwaji da magani da jinya, amma fata ba ta cikin abin da take sayarwa a shago.

Sai Rabi ta ce ita dai Allah ya hore mata cinya, in ma ta unguwa duka ake so a zo a ɗiba. Aka yi dariya, dariyar farko a ɗakin tun rasuwar. Mata da dama suka bi ta. Aka gwada jininsu, uku suka dace: Rabi, da Maryama mai sayar da abinci, da wata matar ɗalibi. Ni ba wanda ya kalle ni, ina takaba.

Abin da ya biyo baya ba wauta ba ce, tarbiyya ce. Mu ba mu saba miƙa wa mutum abu ba gyara ba, ko kwanon aro sai mun wanke mun sa wani abu a ciki. Ana gobe za su asibiti, matan nan uku suka zauna a ɗakin Rabi suka ce abin kunya ne a kai wa marainiyar Allah fata haka gaja-gaja, kuma maza likitoci za su gani. Rabi ta hura wuta. Ta yi musu halawa daga ƙugu zuwa idon sawu, ta murje su da dilka, suka hau kujerar dukhan ɗaya bayan ɗaya har suka yi jawur, suka bi da humra. Yadda ake shirya amarya, haka suka shirya cinyoyinsu don yarinyar.

Da azahar washegari suka shigo ɗakina su uku, Madam Iman a bayansu. Ƙamshinsu ya riga su shigowa. Ba wadda ta iya kallona. Maryama ce ta ce tun daga baranda wata ma'aikaciyar jinya ta jiyo hayaƙi ta ruga neman gado, ta ɗauka an kawo wasu masu ƙuna. Likitan ya duba ya ga fatar ta yi ja, ƙofofinta a buɗe, ga ƙananan ƙuraje, ga mai da hayaƙi sun shige ciki. Ya ce ba zai ɗora wannan a kan ɗanyen ciwon yarinya ba, su je sai ta huce ta warke.

Na ce, "Ke Rabi, cinya aka ce ki kai ko amarya?"

Ta ce, "Haboba, to da kaushi zan ba 'yar mutane? Ke kika koya mini ba a fita da jiki haka."

Ta faɗa tana dariya, sai dariyar ta juye ta zama kuka, ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da mayafi. Madam Iman ta dafa ta tana cewa ma'alish, wato ta yi haƙuri, laifinta ne da ba ta yi musu bayani ba, ita ba ta taɓa tunanin wani zai yi wa fatar kyauta kwalliya ba. Sannan ta faɗi abin da ya fi nauyi: zazzaɓi ya kama Nafisa, likita ya ce ba ta da kwanakin jira. Sauran matan unguwar kuwa, waɗanda jininsu bai dace ba da waɗanda suka ji tsoro, an riga an wuce su.

Ina zaune na miƙe ƙafa, sai idona ya sauka a kan ƙwaurina. Busasshe, fari fat, ba mai, ba hayaƙi, ba komai tun ranar gobarar. A duk matan da na sani a garin nan, ni kaɗai ce jikina bai ga gyara ba, ni mai gyaran. Na ja zanena sama kaɗan na ce wa Madam Iman ta duba ko wannan za ta yi.

Matan suka taso mini. Wai mai takaba ta kwana a waje, wai me mutane za su ce, ƙasar kabarin Malam ba ta bushe ba. Na ce a kira Malam Bukar, aminin mijina. Ya tsaya daga bayan labule ya saurara, sannan ya ce ceton rai lalura ce, ba fitar da ta fi ta halatta. Ya ƙara da cewa, "Hajiya, shi ya fito da ita daga wuta. In kin iya, ki ƙarasa masa."

Sukarina da jinina lafiya suke, mutanen ƙungiyar sun sha aunawa a ƙofar gida. Aka sake gwaji, ya dace. Likitan ya ce shekaruna sun ɗan ja, amma fatar da ta sha dilka shekara da shekaru ta fi ta wasu 'yan mata, sai dai ya roƙe ni don Allah kada Rabi ta matso kusa da ni kafin gobe.

Sun kashe mini jiki daga ƙugu zuwa ƙasa, ina farke. Ni mai sana'a ce, sai na kama kallon hannu. Wani ya ja fatar ya miƙe ta, daidai yadda muke yi kafin mu fizge halawa. Likitan ya ɗora wani ƙarfe mai kuka kamar injin aski ya tura shi a hankali, bai tsaya ba, bai yi gaggawa ba, Goggo Asabe da ta gani da ta yaba. Ya ɗaga abin da ya ɗebo, hasken fitila yana ratsa shi. Suka sa shi a wani inji ya fito da huji-huji kamar raga, don ya ƙara faɗi. Daga nan na lula. Na ga gonakin riɗi na Gadarif an yanke an jingina, na ga uwata tana shanya wanki, iska tana ɗaga wani farin mayafi siriri, ga Malam yana tafe a ƙarƙashinsa da takalmi ɗaya, bai waigo ba, amma na san ya san ina nan.

Kada wanda ya ce muku ba zafi. Da maganin ya sake ni, wurin ya dinga ci kamar an ɗora garwashi, na daɗe ina ɗingishi. Amma ina jin zafin sai in ce, ashe ɗan kaɗan ke nan daga abin da Malam ya ji. Na koma ɗakina na ƙarasa takabata a kwance. Fatata ta riƙe Nafisa har zazzaɓin ya sauka. Kafin jikinta ya ture ta, cinyoyin su Rabi sun huce, suka koma aka ɗiba, wannan karon ko sabulu mai ƙamshi Rabi ba ta yarda sun taɓa ba. Daga baya likitoci suka riƙa ɗibar ta yarinyar kanta kaɗan-kaɗan suna dasawa, har wurin ya rufe.

Da na fita takaba na buɗe akwatin humra, amma sana'ar ta canja mini. Mutanen ƙungiyar suka riƙa turo mini matan da aka sallamo daga ɗakin masu ƙuna, ma'aikatan jinya suka nuna mini yadda ake murza tabo don kada ya ƙandare ya ja gaɓa. Wannan ne nake so ku ji, ku masu waya. Tabon wuta ba a kai masa halawa, ba a kai masa baƙin lalle, ba a zaunar da shi kan hayaƙi. Mai ne tsura marar ƙamshi da babban yatsa, a hankali, kullum. Wata ba ta jin taɓawarki sam, wata kuma ko iska ta bi ta wurin sai ta zabura. Macen da ta ƙone takan juya fuska bango in za ta tuɓe. Kada ki ce wayyo, kada ki ce sannu da yawa. Ki tambaye ta abin da ta dafa jiya, hannunki yana aiki.

Bara Nafisa ta yi aure. Na daina aiki, hannuna yana rawa, idona ya yi hazo, amma ta ce ba wadda za ta taɓa ta sai ni. Rabi ta kwaɓa dilkar, ni na zauna a bayan amarya. Ta sauke zane. Bayanta duk tabo ne mai zanen raga, na bi shi da mai ina lallaɓawa da ido a rufe, yadda aka koya mini. Sai hannuna ya faɗa wani wuri sumul, ya taso daga ƙarƙashin kafaɗarta ta hagu ya gangaro a karkace zuwa ƙugu. Lafiyayyar fata, ba abin da ya taɓa samunta.

Ta ji na tsaya. Ta ce, "Haboba, taki ce ko? Tun ina ƙarama nake duba ta a madubi, ina cewa ga ta Haboba nan, ita ta fi kyau."

Na ce mata tawa aro ce, ta daɗe da faɗuwa, ko ƙwayarta babu a jikinta.

Ta ce, "To wannan ta wace ce?"

Na ɗora damtsena a kan wurin, daga gwiwar hannu zuwa yatsu. Ya bi shi daidai, sai dai nawa bai kai ƙarshe ba, nasa ya fi tsawo.

Na ce, "Taki ce, 'yar nan. Nan ne hannun Malam ya rufe."

A duk bayanta nan kaɗai ne dilka za ta iya hawa. Na ɗebo a ƙwarya na fara murzawa. Rabi ta leƙo ta ce motar 'yan ɗaukar amarya tana ƙasa, yalla, mu yi sauri. Ta dubi inda hannuna yake, ta ja ƙofa ta rufe, na ji tana ce musu su jira.